Kakana ɗan yaƙin Bama ne, ya ɗora mini tambayar da ta fi ƙarfina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni mutumin Jega ne, maganar kuma ta kakana ce, mahaifin babana. A lissafin gida ya kai shekara ɗari ko ya kusa. Ido ya tafi, ƙafa ba ta ɗaukarsa, amma hankalinsa garau yake.

Yana cikin mazan jiyan da aka ɗiba zuwa yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma ba shi ya kai kansa ba. Yadda yake faɗa, saƙo ne ya zo wa hakimi cewa Bature na son mutum kaza, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci kuma ya duba gidan da ba su da mai tsaya musu. Shi maraya ne a hannun baffansa, sai aka nuna shi. A gona aka same shi, ko sallama da kakarsa bai yi ba. Da farko ɗan ɗauko ne, daga baya aka ba shi bindiga.

Tun muna yara ba ya labarin yaƙin nan. Sai bana ya fara kirana da dare, ya riƙe hannuna yana magana. Ya ce wata rana an sa shi gadi a bakin wani kogi da yake kira Kaladan, saje ya ce duk abin da ya motsa a harba. Ya ji motsi cikin ciyawa, ya harba. Da gari ya waye sai ga mutum ɗan ƙasar, ba bindiga ba wuƙa, sai ƙunshin shinkafa. Abin da ke sa shi kuka shi ne: "Jikana, tasbaha nig gani ga wuya nai. Musulmi nik kashe, kuma ba don Allah ba."

Akwai kuma abokinsa da suke kira Ɗan Anka, sunansa Mamman, ubansa maƙeri ne. Ciwon ciki ya kama shi a dajin. Kafin ya cika ya ba kakana zoben azurfa da kuɗin da suka kai fam uku, ya ce a kai wa tsohuwarsa. Bayan sun dawo ya je Anka ya yi cigiya, bai dace ba. Wata shekarar yunwa ta zo, ya sayi hatsi da kuɗin. Zoben yana nan, na gan shi, a ƙulle cikin wani tsumma a ƙarƙashin matashinsa. Sallolin da suka wuce shi a daji kuwa ya ce bai san adadinsu ba.

Mutanen gida na cewa ruɗin tsufa ne, a rabu da shi. Ni ban yarda ba, don maganarsa ba ta sauyawa. Kullum tambayarsa ɗaya: da wace fuska zai gamu da Allah? Me zan ce masa, kuma me za mu yi tun yana da rai?

Hajiya Rabi, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Wallahi na yi hawaye. Allah ya yafe wa Baba, ya sa ya cika da imani. Malamai ku taimaka masa.

Malam Kabiru, malamin tarihi, Gusau:
Ɗan'uwa, ka gaya wa mutanen gida ba ruɗi ba ne. Kaladan kogi ne na gaske a yankin Arakan, wanda yau ake kira Rakhine a ƙasar Myanmar. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin Kaladan ta gwabza da Japanawa a 1944. Ta 82 ta biyo baya, kuma a Janairun 1945 aka karɓe garin Myohaung. Dajin babu hanyar mota, shi ya sa aka dogara da 'yan ɗauko, abinci kuma jirgin sama ke jefowa. Tambarin runduna ta 82 ma gammo ne da māsu biyu a gicciye, na ta 81 kuwa baƙin gizo-gizo. Ka tambaye shi wanne ne a kafaɗar kakinsa, za ka san rundunarsa.

Batun tasbaha ma ya hau, domin Arakan akwai Musulmi da yawa tun kafin yaƙin, can ne asalin 'yan Rohingya. Kuma ɗibar da ya faɗa sananniya ce. A takarda ana rubuta cewa mutane ne suka kawo kansu, amma a ƙauyuka rabo ake yi wa masu sarauta, kamar yadda aka yi diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944. Barikin Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna da Dodan a Legas duk daga wannan yaƙi suka samo suna, amma waɗanda suka ɗauki kayan a kansu ba mai tuna su.

Abu Sumayya:
Gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci. Yaƙin kafirai ne, ya taya Turawan da suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Tilas ba ta halatta jinin Musulmi. Ya yi ta tuba kawai.

Tsohon soja, Zuru:
Abu Sumayya, ɗana, ka taɓa kwana a rami da bindiga a hannu, duhu ko tafin hannunka ba ka gani, ka san wanda ke zuwa yanka ka zai yi? Ni na yi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, kuma da ƙafata na shiga soja, ba a kamo ni ba. Duk da haka akwai daren da har yau yake hana ni barci. Yaron da aka ɗauko daga gona, aka tsallaka teku da shi, in ya ƙi harbi kotun soja ce, in ya gudu ina za shi? Burmi 1903 ce, ko haifarsa ba a yi ba. Tuban da kake cewa ya yi, shekara tamanin ke nan yana cikinsa.

Mai tambaya, ka gaishe mini da Baba, ka ce ƙaramin soja na sara masa. Kuma in ya fara magana kada ka tare shi da "ya wuce, Kaka". A wurinsa bai wuce ba. In akwai tsohon soja kusa da ku, ko ta ofishin Nigerian Legion na jiha, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, ka kawo shi su zauna. Akwai abin da soja ba ya iya faɗa sai ga soja.

Malam Nasiru, Argungu:
Bismillah. Abu Sumayya ya faɗi ƙa'ida ta gaskiya amma ya aza ta inda ba wurinta ba. Haka ne, malamai sun haɗu a kan cewa wanda aka ce "kashe wane ko a kashe ka" ba shi da izinin kashewa. Amma wannan a kan wanda ya san wa yake kashewa ne. Baba bai nufi Musulmi ba, bai nufi mai shinkafa ba, ya harba ne yana zaton maƙiyi mai makami. Wannan kisan kuskure ne, hukuncinsa yana Suratun Nisa'i aya ta 92: 'yanta wuya da diyya, wanda bai samu wuyan ba ya yi azumin wata biyu a jere. Diyyar kuskure a kan dangi take, kuma a nan ba a san magadan mamacin ba, ba hanyar saninsu. Azumi kuma mai shekara ɗari ba zai iya ba. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun ce ciyarwa ba ta maye azumi a wannan kaffarar, don ayar ba ta ambace ta ba. Wasu sun ce a ciyar da miskinai sittin. In kuna da hali ku ciyar, in ba ta zama kaffara ba ta zama sadaka, kuma zuciyar tsoho za ta samu abin riƙewa. Allah ba ya kallafa wa rai sai abin da za ta iya.

Salla kuwa, tunda hankalinsa na nan, tana kansa. A Ahalari an ce wajibi ne rama abin da ke kan mutum, kuma sallar da ta kuɓuce a tafiya ana rama ta a matsayin ta tafiya. To nasa na daji ƙasaru ne, raka'a biyu-biyu ban da magariba. Ya kintata watannin gwargwadon rinjayen zatonsa, ya riƙa haɗa ramuwa ɗaya da kowace farilla, a zaune ko a kishingiɗe, kamar yadda Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini. In ajali ya riske shi bai gama ba, ya mutu a kan hanyar biya. Ku dai kada wani ya ce zai yi masa, ba a yi wa wani salla.

Amma inda nake so ka fi sa ƙarfi shi ne amanar Mamman. Sauran tsakaninsa da Ubangijinsa ne, shi kuwa Mai yawan gafara ne. Wannan haƙƙin bawa ne, kuma shi ne kaɗai kai jikansa za ka iya sauke masa da ƙafarka da aljihunka. Tsohuwar Mamman ta rasu tabbas, amma haƙƙin ya koma kan magadanta. A nema da gaske. Kuma kada a ce fam uku naira shida ce don haka aka canza kuɗi a 1973, wannan wasa da amana ne. A tambayi Baba abin da fam uku ke saya a lokacin, a biya kimarsa a yau, abin da ya fi kusa da adalci ke nan. In an yi iyakar nema ba a samu kowa ba, a yi sadaka da kuɗin da zoben da niyyar ladan ya kai ga masu shi.

Ka karanta masa aya ta 53 a Suratuz Zumar da fassara, da hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara ya cika na ɗari, Allah kuma ya karɓi tubansa. Sannan ka kai masa limaminku ya ji daga bakinsa, don fatawa irin wannan ta fi kyau ido da ido.

Abu Sumayya:
Na karɓi gyara, Malam. Allah ya gafarta mana baki ɗaya.

Maman Khadija, Talata Mafara:
Ƙanena, ni ba malama ba ce, amma babanmu ya yi yaƙin basasa, ya dawo a 1970 ba ya cin nama sai da aka yi shekaru. Mu ma cewa muka riƙa yi halinsa ne. Sai da ya kwanta ciwon ajali ya fara faɗa wa innarmu abin da ya gani a Onica, lokacin kuwa numfashi ya yi ƙaranci. Kai ka yi sa'a naka yana magana. Ka nemi izininsa ka ɗauki muryarsa a waya. Ka kuma sa babanka ya zauna ya ji, ko ba ya so. Ɗa ne ya kamata ya ce wa uba "na ɗauke maka bashin nan", a gaban shaidu. In ya ji haka daga bakin ɗansa za ka ga yadda barcinsa zai sauya. Kuma a daina barinsa shi kaɗai a ɗaki da dare.

Malam Kabiru, malamin tarihi, Gusau:
Ƙari a kan neman dangin Mamman. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila, CWGC, tana da shafi a intanet da ake bincika sunayen waɗanda suka mutu. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai bangon tunawa mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Najeriya a ciki. Turawa kan rubuta soja da sunansa da na garinsu, don haka ka gwada Mamman Anka, Mama Anka, Momo Anka, don rubutunsu na sunayenmu sai a hankali. In Baba na tuna lambarsa ta soja ko bataliyarsu, abin zai zo da sauƙi. Wani lokaci sukan sa sunan uba ko na mata.

Bello Maƙera, Anka:
Ɗan'uwa ni ɗan Anka ne, kuma gidanmu gidan ƙira ne. Sai dai ka sani, in an ce Ɗan Anka ba lalle cikin gari ba, ƙasar Anka faɗi gare ta, har Bagega da su Wuya. Ƙauyuka da yawa yanzu sun watse saboda ɓarayin daji, mutanensu na cikin gari suna gudun hijira. Kada ka kamo hanya da kanka. Maƙera sun san junansu, kuma gidan da anka ɗauki ɗansu zuwa Bama bai dawo ba, tsofaffi ba su mance wa. Zan tambayi Sarkin Maƙera da wata gwaggona da ta haura tamanin. Ka tambayo mini sunan uban, ko laƙabinsa, da ko Mamman yana da tsagar Zamfarawa a fuska.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta masa amsar Malam Nasiru bayan isha'i, ya sa na maimaita wurin kisan kuskure, sannan ya ce a kawo masa dutsen taimama kusa da shimfiɗa. Malam Kabiru, ya ce gizo ne a kafaɗarsu, lambar kuma ta ɓace masa. Fam uku ya ce a lokacin za ta sayi ɗan bijimi, don haka ranar kasuwa zan shiga kara in ji farashi, ni da babana da baffannina mu raba. Babana ya yarda zai zauna da shi gobe tare da liman.

Malam Bello, ya ce uban ana kiransa Na-Allah maƙeri, Mamman yana da tsage a kumatu duka biyu, kuma ya sha ambaton wata ƙanwarsa Hassi da aka yi wa baiko kafin a ɗauke shi. Na tura maka hoton zoben ta akwatin saƙo, akwai wani zane a cikinsa da wataƙila maƙeranku za su gane hannun wanda ya ƙera.