504 ɗin Baba: a tashe ta yadda take, ko a sauya mata inji?

Ƙaramin zaure, Yelwa: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya Lahadi na je inda masu tsofaffin motoci suka baje kolinsu a nan Garwa, kuma har yanzu abin bai bar raina ba. Akwai wata Peugeot 404 fara, mai ita dattijo ne, yana goge madubinta da gefen rawaninsa. Da ya tayar da ita sai na ji sak ƙarar motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Tasa 504 ce, shekara 9 ke nan tana ƙarƙashin darbejiya a gidanmu. Abokaina sun ce in sa mata injin Toyota da manyan tayoyi, kamar wata ja da muka gani can. Me kuka gani?

Baban Hajara: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Ɗana, jar nan na gan ta, ta yi kyau, amma mutane minti biyu suka yi a kanta suka koma wajen 404. Kar ka taɓa injin. 504 ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma an yi ta harhaɗa ta a Kaduna shekara da shekaru, shi ya sa kayanta ba su ɓace ba.

Bakaniken Marware: Kafin maganar fenti, don Allah kar ka ɗaura batir ka murza makulli. Cire fulogogi, zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, bar shi kwana uku, sannan a juya injin da hannu. In ya juya, ka gode wa Allah. A sauke tanki a wanke, a canza robobin birki duka, sun riga sun bushe.
Sai babban abu, lagireto. Kan injin nan alminiyum ne, zafin Garwa kuma a Maris da Afrilu yana haura 40. Sau ɗaya ta tafasa, kan ya lanƙwashe. In har za a buɗe kan, ka tsaya a wurin: silindojinta masu zaruwa ne, in yaron gareji ya juya inji alhali kai na buɗe, za su motsa, ruwa ya riƙa haɗuwa da mai. Na ga an kashe mota mai lafiya ta haka.

Ƙaramin zaure, Yelwa: Na gode, Oga. Na ɗaga shimfiɗar ƙasa ɗazu, gefen direba tsatsa ta ci har ina hango ƙasa, faɗin tafin hannu.

Bakaniken Marware: Wannan mai sauƙi ne, a yanke a yi walda da sabon ƙarfe. Kar ka yarda a shafe da foti. Duba ƙarƙashin batir ma.

Hajiya ta Marwa: Kujeru kuwa ka kawo su nan Marwa. Dukawanmu sun san fata. Ni na kai na Mercedes 200D ɗin maigidana, irin ta 1976 zuwa 1985, aka bi ɗinkin asali layi-layi. Ka tafi da tsohuwar rigar kujerar ko ta yage, da ita za su auna. Ka zaɓi fata mai haske, baƙa ba ta zaunuwa da rana.

Direban Ngaundare: Ni ban ƙi injin Toyota ba ga motar neman abinci, Land Cruiser BJ40 ɗina ma ba duk kayanta ne na asali ba. Amma ta gado daban ce. Kayan gyara ka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ta hannun masu zuwa Yola, ka haɗa da tsohon kayan a gwada, kar ka saya da hoto. Kuma in ta tashi, kar ka ɗura mata zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, ba tacewa, datti kaɗan ke toshe kafireta.

Baban Hajara: Takardu fa? Nemo katin motar tun yanzu, ka gwada lambar shasi da wadda ke jikinta, a fara maganar mayar da suna tare da sauran magada kafin ka kashe sefa ɗaya.

Ƙaramin zaure, Yelwa: Katin na wajen Inna, cikin akwatin Baba. Da na gaya mata sai da ta yi hawaye, ta ce a bar mata launinta ruwan toka. Oga, yaushe za ka leƙo?

Bakaniken Marware: Asabar bayan la'asar, in sha Allah. Ka zuba man tun Laraba.