Na daki bayan motar wani, in kira inshora ko mu sasanta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Motar nan shekara 3 na yi ina tara kuɗinta, ko ƙwarzane ban taɓa yi mata ba, har maigida yana min tsiya wai na fi ji da ita a kansa. Shekaranjiya na ɗauko yara daga makaranta, autana yana ta tsala kuka a baya, waige ɗaya na yi sai ji na yi ƙum! Na daki bayan wata mota a cunkoso. Bambarsa ta ɗan lotsa, fitila ɗaya ta tsage. Mutumin bai yi faɗa ba, ya ce mu gyara a tsakaninmu. Na ce laifina ne, muka karɓi lambar juna. Yau ya kira wai but ɗinsa ba ya rufuwa, kuɗin ya ninka sau uku. Ina da inshora amma ban faɗa musu ba.

Tsohon Direba: Hajiya, shekara 30 ina riƙe da sitiyari. Kada ki kira su. Ki kai motarsa wurin naki mai gyaran, ki biya da hannunki, ya sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Shi ke nan.

Yaya Babba: Wace iri ce inshorar taki? In ta tad-fati ce, ai don irin wannan aka yi ta: tana biyan ɓarnar da kika yi wa wani, ba ta gyara taki. Cikakkiyar ce ke haɗawa da taki. Ki duba takardarki, yawanci akwai sharaɗin sanar da su da wuri, da na kada ki amsa laifi kafin su sani. Kin ɗauki hoto a wurin?

Mai tambaya: Yaya, ina na ga ta hoto, yaro na kuka ana ta min hon? Kuma ni ba zan yi wa mutum ɓarna in tsaya musu ba, ba tarbiyyata ba ce.

Maman Biyu: Hmm. Ni wata 4 na yi ina zarya ofishin 'yan inshora, yau kawo rahoton 'yan sanda, gobe manaja ba ya nan.

Tsohon Direba: Kun ji ko? Kuma in kika nemi diyya a cikakkiya, akwai kason da za ki fara biya daga aljihunki, rangwamen rashin haɗari ma ya tafi.

Yaya Babba: Baba, batun but ɗin fa ba lallai ƙarya ba ne. Bamba roba ce, takan koma daidai alhali ƙarfen bayanta ya lanƙwashe. In jibi ya ce wuyansa na ciwo fa? Wa zai biya asibiti?

Tsohon Direba: Shi ya sa na ce takarda, ɗiyata.

Mai tambaya: Mutumin fa dattijo ne, da kunya in ce ya sa hannu. Inshorar kuma maigida ne ya yi, kuma bai san abin da ya faru ba tukuna.

Maman Biyu: Au! Bai sani ba?

Mai tambaya: Ga mutumin nan yana sake kira. In ɗaga?