Holoƙo hadarin kaka: wa ake yi wa wannan kirari?

Ɗan Kasuwar Hatsi: Salamu alaikum. Jiya a taron ƙungiyar unguwa rigima ta kaure kan kuɗin gyaran kwata, wani dattijo ya dubi shugaba ya ce masa holoƙo hadarin kaka. Shugaba ya ce an kira shi marar amfani, dattijo ya rantse mai cika baki kawai yake nufi. Wanne ne daidai?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Dattijon ya fi gaskiya. Holoƙo yakan taso daga gabas kamar hadarin damina, gari ya yi baƙi, iska ta ɗebo ƙura, mata su kwashe shanya, sannan ya watse ko yayyafi babu. Sai wanda ya sa aka yi tsammani ya cancanci sunan. Cima-zaune bai taɓa yi wa kowa alkawari ba, don haka shi ba holoƙo ba ne.

Manomin Gero: Malam, ni ban ma yarda aibu ne ba. A watan Satumba zuwa Oktoba gero yana kwance an girbe, ana jiran ya sha iska a ɗaure dami. Ruwa ya sauka a kansa, zangarniyar da ke ƙasa ta tsira, gara ta shiga. Gyaɗar da aka tuge ta yi fumfuna, harawa ta yi baƙi ta faɗi a kasuwa. Hadarin da ya wuce bai zubar ba rahama ne.

Malamin Gona: Ga mai gero ke nan, ɗan'uwa. Tambayi mai dawa. Lokacin take fitar da kai, tana neman ruwa ɗaya ko biyu ta cika ido. Holoƙo ya hana ta ruwa, iskarsa kuma ta kwantar da karan.

Hajiyar Tudu: Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta faɗin wannan kirari sai a kan mai neman aure. Akwai wani da ya nemi ƙanwar babanmu, ya zo da babbar riga da abokai cike da zaure, ya yi alkawarin saniya da gado. Tsohuwa tana tankaɗe a tsakar gida ta ce kada kowa ya kwashe shanyarsa, wannan ba zai zubar ba. Aka sa rana bayan kaka, aka ɗaga zuwa bazara, har damina ta sake faɗuwa ko goron gaisuwa bai ƙara aikowa ba. Wanda ya aure ta daga baya maƙeri ne, shi kaɗai ya zo da kawunsa.

Uwar Biyu: Allah ya jiƙan tsohuwa. Hajiya, maƙerin ya riƙe ta da kyau?

Hajiyar Tudu: Har ya rasu ba a ji kansu ba, ƙanwata.

Direban Tasha: To mu namu holoƙon duk bayan shekara 4 yake tasowa, da jiniya da kwalin taliya. An aza tubalin asibiti a garinmu, yanzu awaki ke kwana a wurin.

Malamin Turanci: Irin wannan aiki Turawa farar giwa suke ce masa. Asalinsa daga Siyam ne, Tailan ta yau, inda farar giwa ke da alfarma, ba a sa ta aiki amma dole a ciyar da ita. Sai dai ita tana cin kuɗi kullum, holoƙo kuwa wucewa yake.

Direban Tasha: Namu ya haɗa duka biyun, Malam.

Manomin Gero: Ni da taron tsintsiya ba shara aka ce wa ƙungiyar, da ya fi dacewa. Me ya sa shugaba kaɗai zai ɗauki laifi?

Ɗan Kasuwar Hatsi: To kwatar dai tana nan a toshe. Asabar za a sake zama.