Tazarar ƙafa 1000: wa ya taɓa ganin jirgi ya nufo shi a sama?

Tsohon Kyaftin:
Assalamu alaikum. Tun 2008 aka rage tazarar tsayi da ke tsakanin jirgin da ke sama da na ƙasa da shi a sararin Afirka daga ƙafa 2000 zuwa 1000, ga masu tafiya tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000. Hanyoyi sun ƙaru, shan mai ya ragu, ban ƙi gyaran ba. Damuwata ita ce an matso da jirage kusa da juna alhali rediyo bai gama gyaruwa ba. Kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa.

Matuƙiyar dare:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Da aka rufe sararin Sudan a Afrilun 2023, na Nijar ya biyo baya a Agusta, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka cunkushe a 'yan hanyoyi. Wani dare muka yi ta kiran masu kula da zirga-zirga ta HF, rediyon dogon zango, shiru kake ji sai ƙara. Can sai wani matuƙi ya faɗi inda yake a 126.9, tashar da muke sanar da junanmu, ashe tsayinmu ɗaya kuma hanyarmu za ta gitta tasa. Mu biyu muka sasanta, shi ya hau. Wallahi har muka sauka jikina bai daina rawa ba.

Jami'in hasumiya:
Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Mu ma muna ji a jikinmu. Inda babu rada, na'urar hango jirage, da lokacin da matuƙi ya ba ni nake lissafi. A wata cibiya da na yi aiki, layin da muke miƙa jirgi ga cibiyoyin maƙwabta yakan ɗauke, sai dai jirgi ya kira ni yana cikin yankina, ban san da zuwansa ba.

Mataimakin matuƙi:
Ni TCAS, na'urar cikin jirgi mai gargaɗin karo, ita ce ta ce mu yi ƙasa, jami'in kula da zirga-zirga kuma yana cewa mu hau. Kyaftin ɗina bai tsaya jayayya ba, ya bi na'urar. Irin wannan saɓani ne ya ci mutum 71 a Überlingen ta Jamus a 2002, jirgi ɗaya ya bi na'ura, ɗayan ya bi jami'i.

Tsohon Kyaftin:
Haka ne, yaro na. Ina bakin aiki a Nuwamban 1996 lokacin da jirgin kamfanin ADC daga Fatakwal ya faɗa ruwa a Ejirin, kusa da Legas, garin kauce wa wani jirgi. Mutum 144, Allah ya jiƙansu. Har yau ina gaya wa yara, inda aka yarda, ku goce mil 1 ko 2 dama da tsakiyar hanya, don GPS yana ɗora jirage kan layi guda cif. Hajiya, kin rubuta rahoton wancan dare?

Matuƙiyar dare:
Na rubuta tun a otal, Kyaftin, na haɗa da lokutan da muka yi kira ba a amsa ba.