Neman kalma: wane suna za mu ba "moodboard" na biki da Hausa?

Mai adon rumfa, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wata kalma da ta kama bakin amaren Yamai amma ta ƙi zama a bakin iyayensu, wato moodboard. Masu Faransanci kan ce planche d'inspiration. Kwali ne guda da ake tara samfurin duk abin da ido zai gani ranar biki: ƙyallen anko, ƙyallen shaddar ango, launin labulen rumfa, rigar kujera, zanen lalle, katin gayyata, har zaren da za a yi aikin wuya da shi. Ana haɗa shi tun ba a kashe ko dala ba, don tela da mai rumfa da mai kwalliya da dangin ango su kalli abu ɗaya. To amma inna da gwaggo su ke riƙe da kuɗi da shawara, kuma ba za su amince da abin da ba su iya kiran sunansa ba. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasar Nijar ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, bai dace a ce kayan aikinmu na kullum ba su da suna a cikinta ba. Ni na fara da "allon sha'awa". Ku gyara mini.

Malamin Hausa, Yamai:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da wannan ƙoƙari. "Sha'awa" ba za ta yi ba, domin kunnen Bahaushe yakan kai ta wani wuri dabam, balle a zancen aure. Sannan kwalin nan ba abin da rai ke so kawai yake ɗauka ba, abin da aka tsayar yake ɗauka. Kafin mu zaɓi suna, a bayyana mana yadda ake haɗa shi daki-daki. Suna daga aiki yake fitowa.

Mai adon rumfa, Yamai:
Gaskiyarka Malam. A samu kwali mai kauri, fari, kamar santimita 60 a tsawo da 40 a faɗi. Fari nake cewa don kwali mai ruwan ƙasa yana kashe hasken ƙyalle. A tsayar da launi uku, kada a wuce: babba wanda zai ci kusan kashi 60 cikin ɗari na wurin, na biyu kashi 30, na uku kashi 10, shi ne gishirin miyar, kamar ruwan zinariya ko azurfa. Girman ƙyallayen a kan kwali ma ya bi wannan rabo. In aka yanka su duka daidai wa daida, ido zai ruɗu, a ɗauka ja kaɗan ne, ranar biki a tarar ya cinye rumfa.

Kowane ƙyalle ya kai tafin hannu, kuma ya zama ainihin yadin da za a saya. Hoto ba ya maye gurbinsa. Waya biyu ba sa nuna launi iri ɗaya, kuma hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi. Daga nan ne shuɗi mai duhu kan koma shuɗin bula a hannun tela. A bayan kwali a rubuta shagon da aka ga yadin, kuɗinsa, yawan da ake bukata, da lambar zanen da ke gefen atamfa in tana da ita. Sai a duba kwalin sau biyu, da hantsi a tsakar gida, da kuma dare a ƙarƙashin irin fitilar da za a kunna. Farar fitila tana sanyaya ja da ruwan goro, mai ruwan ɗorawa kuma tana mai da fari kamar ya kwana biyu.

Hajiya uwar biki, Tawa:
Ɗiyata, wanga abu da kike faɗi ai ba baƙo ba ne gare mu. A Adar in za a nuna ma dangi kaya, bisa faifai aka ɗora su a zagaya da su ɗaki ɗaki. Kuma muna da jere, yadda aka shirya ƙore da tasoshi da kwanoni a ɗakin amarya, kowane da mazauninai, babba ƙasa ƙarami bisa. Matan da sunka iya jere su ne masu wanga ilimi tun kafin waya. Ni dai in an bi ta tawa, a ce "faifan jere".

Tela, kasuwar Wadata:
Inna, Allah ya ƙara girma, maganarki da nauyi. Sai dai yaran yanzu in suka ji faifai, faifan bidiyo suke ji. A ce wa amarya "turo faifan", sai ta turo hoton motsi. Jere kuma a ƙarshe yake zuwa, bayan an sayi komai an kai ɗaki. Wannan kwali a farko yake, kafin almakashi ya taɓa yadi.

Bari in faɗi abin da mu teloli muke nema a jikinsa, ko zai taimaka. Na farko, anko. Turmin atamfa yadi 6 ne, na mace ɗaya. In mata 40 ne, a sayi turmi 44 ko 45 rana ɗaya, daga dila ɗaya. Zane ɗaya ne, lamba ɗaya ce, amma bugu na biyu yakan ɗan sauka ko ya ɗan hau a launi, kuma sai an jeru a hoto ake ganewa. Waɗanda suka makara su ne kullum ke fita dabam. Na biyu, shadda. A mita ake sayar da ita, riga da wando na namiji kamar mita 5, babbar riga da ƴar ciki da wando kusan 10. Shadda tana da ƙyalli, launinta yana juyawa da haske, don haka a manna ƙyalle biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. In rinanniya ce, a jiƙa gefen ƙyallen a goga shi da farin tsumma. In ya zuba a tsumma, zai zuba a farar rigar kujera da zarar gumi ya keto. Na uku, zaren aiki. A naɗe ɗan zaren a jikin ƙyallen da za a yi masa aiki, kada a ce "ruwan zinariya" da baki, ruwan zinariya ya fi kala biyar a kasuwa. Kuma kwalin ya iso mana wata biyu kafin biki. In bikin ya matso kusa da Sallah, wata uku.

Sunan da nake bayarwa: "allon samfur".

Malamin Hausa, Yamai:
Madalla. Yanzu abin ya fito fili. Abu biyu muke nema, mazubi da abin da aka zuba.

A wajen mazubi, allo ya fi kwali, ya fi faifai. Allo abu ne da ake rubutawa a duba a bi, a makarantar allo ko a lakkwal, kuma jam'insa a shirye yake, alluna. Da "allon zayyana" ya fi kowanne daɗi, amma yana da mai shi: allon da ake ƙawatawa wa ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani. Wannan a bar shi inda yake, da darajarsa.

A wajen abin da aka zuba, "samfur" ya kama rabin aikin. Samfur ɗanɗano ne na abu guda. Allon nan kuwa aikinsa ya nuna yadda abubuwa goma za su zauna tare ba tare da sun yi faɗa ba. Na so "zubi", kamar yadda ake cewa zubin gini ko zubin riga, amma a bakin mata, kuma a lokacin biki, zubi na adashe ne. Kalmar da ta rage ita ce fasali. Mukan ce abu ya yi fasali, ko ba shi da fasali, ko a sake masa fasali. Tana ɗauke da siffa, tana ɗauke da tsari, kuma tana yanke hukunci a kan kyau. Ina ba da "allon fasali". Ku gwada ta a baki: an haɗa allon fasali, wannan launi ba ya kan allo, tela ya sauka daga allo. Thème ɗin da ake ta faɗi kuma jigo ne, kamar jigon waƙa ko na labari. Jigo yana cikin kai, allon fasali shi ke fito da shi a gani.

Mai ɗaukar hoto, Tawa:
Na goyi bayan Malam. Kuma ina roƙon a ƙara abu ɗaya a kan allon da kowa ke mantawa, wato ƙyallen rufin rumfar kanta. Tampol shuɗi ko kore in rana ta bugo shi, launinsa yana sauka a fuskokin mutane da fararen kaya. Kwalliyar awa uku sai ta tashi a banza. Maganinsa a yi wa rumfar shafi da farin yadi ta ciki.

A kuma rubuta watan bikin a saman allon da manyan baƙaƙe, don wata ne ke zaɓen kaya. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Ɗanyen fure ba ya kai la'asar, balan-balan kuma suna fashewa a rana, masu duhu su ke fara tafiya don sun fi shan zafi, sai a rage musu iska a ajiye su a inuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, fararen rigunan kujeru kada a sa su sai saura awa ɗaya ko biyu. Daga Yuni zuwa Satumba iskar da ke gaban hadari ta fi ruwan ɓarna, duk labulen da ba a ɗaure ƙasansa ba zai tashi.

Hajiya uwar biki, Tawa:
To, na ji hujjarku, kuma fasali kalma ce da kakanninmu sunka sani. Na yarda. Amma ku bar ma kayanmu wuri bisa allon. Tabarmar kaba mai rini, matashin fata, ƙwarya sassaƙaƙƙiya, azurfar da maƙera ka ƙerawa nan Tawa da Agadas. Jan fata da baƙi da kore da ke jikin matashi guda sun isa su ba biki launinai ukku, ba sai an kwaso na Dubai ba. Kuma lalle, a rubuta wane iri. Jan lalle na ganye lafiya lau. Baƙin nan da aka haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje.

Ɗalibar ɗinki, Yamai:
Iyayena, tambaya ɗaya. Wanda ake tarawa a Pinterest fa, shafin nan na hotuna a intanet, shi ma allon fasali ne?

Mai adon rumfa, Yamai:
Ƙanwata, wannan tarin hotuna ne, kiwo ne ake yi kafin a zaɓa. Ki tara ɗari in kina so, amma kada fiye da 5 ko 6 su hau allo, kuma kowanne sai an samu yadinsa ko kayansa a Babbar Kasuwa ko Wadata an taɓa da hannu. Abin da babu shi a gari a cire shi tun da wuri.

Na janye "allon sha'awa". Mun tsaya a kan allon fasali, jam'i allunan fasali, a gajarce allo, thème kuma jigo. A riƙa yin uku iri ɗaya: na gidan amarya, na dangin ango, da wanda zai zagaya tsakanin tela da mai rumfa. Malam, saura "traiteur", don "mai abinci" ba ta raba mai dafa wa mutum 300 da mai tuwon bakin titi ba.