A-kori-kurar Baba: wane shasi zan sa mata?

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Land Rover ɗin marigayi mahaifinmu ce, Series III a-kori-kura, mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya, ta jima tana ajiye a gida nan Bauchi. Bodin lafiya lau tunda alminiyon ne, amma shasin, wato ƙarfen ƙasa da bodin ke zaune a kai, ya ruɓe, ta baya wajen da sifirin ke kamawa hannu ma na shiga. Da ita yake ɗauko masara daga gona ta wajen Dass muna yara, wallahi ba zan iya sayar wa 'yan gwangwan ba. Wane shasi zan nemo in ɗora mata?

Auwalu Wunti: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Yaya ni dai Hilux zan ce, ka samo wadda ta yi hatsari ka ɗauke ƙasan gaba ɗaya da inji da giya, kayanta ko ina akwai, ko a Alkaleri ta tsaya maka za ka samu mai gyara.

Oga Sale: Auwalu gaskiya ne ta wajen kaya, amma aikin fa ba ƙarami ba ne. Bodin Land Rover ba guda ɗaya ba ne da za ka ɗaga ka aje, gunduwa gunduwa yake, kowanne da ƙafarsa da yake zama a kan shasi, in ka kawo na Hilux duk ƙafafun nan sai an yanke an ƙera sabbi, sitiyari da feda da birki kowanne sai an nemo masa hanya, kuma in mai walda ya kuskure kaɗan ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba. Ni shawarata ka nemi na Land Rover 110, wadda ta gaje ta a 1983 daga baya aka kira ta Defender. Tsakanin tayar gaba da ta baya inci 1 kawai ta ɗara taka. Ga sifirin mai naɗi maimakon na faranti, ga birkin faifai a gaba.

Baban Hanifa: Oga akwai wanda ya yi min tayin Land Rover Discovery ta farko a Jos, injin ya buga, da araha.

Oga Sale: Inci 100 ce wannan, gajera ce. Sai an yanka an ƙara inci 9, a tsawaita furofela da bututun birki. Mota mai ɗaukar buhuna ban so a yanka mata ƙashin baya, sai dai in dole.

Kawu Bappa: Ɗana kafin ka biya ko sisi ka duba lambar shasi. A jikin ƙarfen take, in ka canja shasi lambar da ke takardun Babanka ta tafi kenan. Ka karɓi takardun waccan motar harda na kwastam da rasit na ciniki, ka je wajen VIO ka tambaya tun kafin a kunce ƙusa ɗaya. Sannan ka lura da hannu, tun 1972 muka koma tuƙi a dama, yawancin kayan da ke zuwa daga Ingila kuma sitiyarinsu a dama yake, kar a haɗa ka da irinsa.

Oga Sale: Kawu ya gama magana. In ka je dubawa, ko Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da guduma da tef. Ka bubbuga ko ina musamman baya, mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuma dum. Ka auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ka sake ɗaya ɓarin, in ba su zo ɗaya ba ya taɓa murɗewa, bar shi. Sabon baƙin fenti mai kauri ma abin tsoro ne.

Auwalu Wunti: To fuskar fa Oga? Ai kyan Series wannan gaban da ya shige ciki ne.

Oga Sale: Nan ne wahalar. A 110 lagireto gaba aka turo shi, in Baban Hanifa ya sa injin 200Tdi ko 300Tdi wurin zai matse sosai, sai an yi dabara. Tayoyin ma za su ɗan leƙo waje don aksil ɗin ya fi faɗi. Kuma Baban Hanifa ka leƙa bangon da dashbod ke jiki da ƙasan feda, shi ƙarfe ne ba alminiyon ba, yana cin tsatsa.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Fuskar kam ba zan taɓa ta ba. Oga in kana gareji ranar Asabar zan zo in ɗauke ka ka ga bangon da idonka, sai mu sa ranar zuwa Kaduna.