Shawarwarin da aka tattara kan kariya daga zazzaɓin Lassa

A zaman da muka yi da ma'aikatan lafiya da dattawan unguwa, magana ta fi tsayawa kan zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a shekarar 1969, wadda take ƙamari da rani. Wani nau'in ɓera ne yake ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa.

Batun abinci aka fi nanatawa. Wata ma'aikaciyar jinya ta kwatanta yadda ake shanya masara ko garin rogo a bakin titi a bar shi ya kwana, ɓeraye su bi ta kansa cikin dare, da safe a kwashe ba tare da kowa ya lura ba. Ta ce a adana hatsi cikin mazubi mai murfi, a rufe tuwon da zai kwana, a toshe ramuka, a nisanta juji daga gida. A ganina wannan ce shawarar da ta fi muhimmanci, domin tana hannun kowane magidanci da kowace uwargida.

An kuma yi gargaɗi cewa alamomin farko suna kama da na zazzaɓin cizon sauro, don haka duk zazzaɓin da ya ƙi jin magani a garzaya da mai shi asibiti, tunda maganin ribavirin ya fi amfani idan an fara shi da wuri. Masu jinya su guji taɓa jinin majinyaci ko amansa ba tare da safar hannu ba, wankan gawar wanda cutar ta kashe kuwa a bar wa jami'an lafiya.